DALLA-DALLA: Ma'anar lambobin da ke jikin batir, da yadda ake lissafa awoyin da zai riƙe gida

A ƙarshen watan Oktoban 2024, yawancin jihohin Arewacin Najeriya sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki, bayan da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir da ake lallaɓawa da shi ya katse. Kafin wannan, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa janareta ya gagari gidaje da yawa, sai kuma ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024 da ya kai kowane kilowat-awa naira 225 ga masu rukunin A. A Jamhuriyar Nijar ma, katse wutar da Najeriya ta yi a Agustan 2023 bayan juyin mulki ya jefa birane cikin duhu na tsawon awoyi a kullum.

Waɗannan dalilai ne suka mayar da batir, inbata da sola kayan masarufi. Sai dai mai saye yakan koma gida da alƙawarin awa takwas, wuta ta ɗauke masa kafin awa huɗu, ya rasa ko cutarsa aka yi ko laifin mai haɗawa ne. Wani lokaci cutar ce. Amma sau da yawa lambar da ke jikin batirin gaskiya ce, sai dai an auna ta ne cikin yanayin da babu gidan da ke amfani da batir a cikinsa. Wannan bayani ya fayyace yadda ake samun lambar, da abubuwan da ke zaftare ta, da lissafin da kowa zai iya yi da kansa.

Ma'aunan da ake rubutawa

Bolt, wanda ake rubutawa da harafin V, shi ne ƙarfin turin wuta. Batirin dalma na gida yana da ɗakuna 6 a ciki, kowanne na bayar da kimanin bolt 2, shi ya sa ake kiransa mai bolt 12. Amfiya, mai harafin A, ita ce yawan wutar da ke kwarara a lokaci guda. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, mai harafin W, wato yawan wutar da na'ura ke ci a kowane lokaci tana kunne.

Lambar da aka fi talla da ita ita ce Ah, wato amfiya-awa. Batir mai 200Ah, a bisa takarda, zai bayar da amfiya 10 na tsawon awa 20. Amma Ah ita kaɗai ba ta faɗin yawan wutar da ke ajiye, sai an haɗa ta da bolt. Abin da ke faɗin haka shi ne wat-awa, Wh, wanda ake samu ta ninka bolt da Ah. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400, ko kilowat-awa 2.4. Wannan shi ne ma'aunin da kamfanin rarraba wuta ke sayar wa masu mita, abin da jama'a ke kira yunit.

Muhimmancin wannan bambanci yana fitowa idan aka kwatanta batura biyu. Batirin litiyam mai bolt 51.2 da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 5,120. Lambarsa ta Ah rabin ta wancan ce, amma wutar da ke cikinsa ta ninka tasa fiye da sau biyu. Haka kuma, idan aka jera batura biyu masu bolt 12 da 200Ah, ƙafar wannan da kan wancan, sun zama bolt 24 da 200Ah. Idan aka haɗa su kai da kai, ƙafa da ƙafa, sun zama bolt 12 da 400Ah. A duka biyun wat-awa 4,800 ne, babu ƙari babu ragi.

Yadda masana'anta ke auna batir

Kusa da lambar Ah yawanci akwai ƙaramin rubutu: C20, C10, ko 20HR. Wannan rubutu shi ne sharaɗin alƙawarin. C20 na nufin an ja wutar ne a hankali har tsawon awa 20 kafin batirin ya ƙare. C10 na nufin an ja ta cikin awa 10, gwajin da ya fi tsanani. Don haka batir mai 200Ah a C10 ya fi mai 200Ah a C20 ƙarfi, duk da cewa babbar lambar iri ɗaya ce. Akwai ma baturan sola da ake rubuta musu C100, wato awon awa 100, wanda ke kumbura lambar fiye da sauran.

Akwai wasu sharuɗɗa uku da ba kasafai ake buga su a jikin batir ba. Ana yin gwajin ne da sabon batir da aka cika taf, a yanayin zafi na kimanin digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, kuma ana ci gaba da jan wutar har sai batirin ya faɗo zuwa kimanin bolt 10.5, wato ya ƙare ƙarƙaf. A gida kuwa batir tsufa yake yi, ba kullum yake cika ba, ɗakin da yake ciki ya fi haka zafi, kuma wanda ya riƙa ƙarar da shi ƙarƙaf kullum zai sake sayen wani ba da jimawa ba.

Me ya sa ƙarin lodi ke cin batir fiye da kima?

Gaston Planté, masani ɗan ƙasar Faransa, shi ne ya ƙirƙiro batirin dalma a 1859. A 1897 wani masani Bajamushe, Wilhelm Peukert, ya bayyana wata ɗabi'a ta wannan batir da har yanzu ake kira da sunansa: gwargwadon saurin jan wuta, gwargwadon raguwar abin da za a samu gaba ɗaya.

Lamarin ya yi kama da rijiya a lokacin rani. Mai ɗiba guga-guga cikin natsuwa zai cika randuna, domin ruwa na ci gaba da tsatsowa yayin da yake ɗiba. Idan mutum goma suka zura guga lokaci guda, nan da nan sai a taɓo laka, alhali ruwan bai ƙare a ƙarƙashin ƙasa ba. A cikin batir, ruwan asid ne ke buƙatar lokaci kafin ya ratsa cikin farantan dalma. Idan aka ja wuta da ƙarfi, asid ɗin da ke fuskar farantan ya ƙare kafin wani ya iso, bolt ya faɗi, inbata ta yi ƙara ta kashe kanta. Wannan ne dalilin da ya sa batirin da ya mutu yakan ɗan farfaɗo idan aka bar shi ya huta.

Ana auna tsananin wannan ɗabi'a da wata lamba da a baturan dalma yawanci ke tsakanin 1.1 da 1.3, tana kuma ƙaruwa idan batir ya tsufa. A baturan litiyam lambar tana dab da 1, ma'ana saurin ja bai cika rage musu komai ba.

Lissafin, mataki-mataki

A ɗauki gida mai batirin dalma guda ɗaya, bolt 12, 200Ah a C20. Ana kunna fanka 2 masu cin wat 75 kowacce, talabijin mai wat 80, ƙwan fitila 6 masu wat 10 kowanne, da cajin waya na wat 10. Jimillar lodi wat 300 ke nan.

Lissafin bakin shago shi ne a raba 2,400 da 300, a sami awa 8.

Ragi na farko na inbata ne. Aikinta juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita, kuma tana ɓarar da wani kaso ya zama zafi. Idan tana isar da kashi 85 cikin 100, to domin kayan gida su sami wat 300, sai batir ya fitar da kimanin wat 353. A bolt 12, wannan ya kusa amfiya 30, ninki uku na amfiya 10 da aka auna batirin da ita.

Ragi na biyu na Peukert ne. Idan lambar batirin 1.2 ce, jan amfiya 30 zai ƙarar da shi cikin kimanin awa 5 da minti 20. Wato 200Ah ta koma kimanin 160Ah.

Ragi na uku na lafiyar batirin ne. Shawarar da aka saba bayarwa kan batirin dalma ita ce kada a riƙa cin fiye da rabinsa kafin a sake caji, idan ana so ya daɗe. Wanda ya bi wannan shawara yana da kimanin awa 3 ko ƙasa da haka. Daga awa 8 an dawo awa 3, ba tare da kowa ya buga lambar ƙarya ba.

Idan aka ƙara lodin zuwa wat 600, batirin zai riƙa fitar da kusan amfiya 60, ya ƙare ƙarƙaf cikin kimanin awa 2 da minti 20. Lodi ya ninka sau biyu, amma lokacin ya ragu fiye da rabi. Kayan da ke samar da zafi, irin su dutsen guga, hita da tukunyar lantarki, kowanne na iya cin wat 1,000 ko fiye, abin da zai sa batir ɗaya ya durƙusa cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma cin da ba a gani. Inbata tana cin wuta muddin tana kunne, ko da babu abin da aka jona mata. Idan cin nata wat 30 ne, a awa 24 ta lashe wat-awa 720, kusan kashi 30 cikin 100 na abin da aka rubuta wa wannan batir.

Lambar inbata ba ta awoyi ba ce

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar lambar kVA a matsayin ma'aunin daɗewa. Inbata mai 3.5kVA ba ta fi mai 1.5kVA daɗewa ba idan batirinsu ɗaya ne. Hasali ma babbar ta fi cin wuta a zaune. Abin da lambar ke faɗi shi ne iyakar lodin da za ta iya ɗauka a lokaci guda.

Sannan VA ba daidai take da wat ba. A inbatocin gida da yawa, ana ninka VA da 0.8 kafin a sami wat, don haka 1,000VA na nufin wat 800. A ƙananan na'urorin UPS da ake jona wa kwamfuta, adadin yakan sauko zuwa kimanin 0.6, ta yadda mai 650VA ba ta ɗaukar fiye da wat 360 zuwa 390. A cikinta yawanci batir ɗaya ne mai bolt 12 da 7Ah, wato wat-awa 84. A takarda, wannan zai riƙe lodin wat 200 na minti 25. A aikace, da yake ana tatsar ƙaramin batir da ƙarfi sosai, sau da yawa ba ya kai minti 10. An ƙera ta ne domin mutum ya adana aikinsa ya kashe kwamfuta, ko domin a tayar da janareta.

Firji, injin daskarar da kaya da famfon tura ruwa suna da wata ɗabi'a ta daban: a daidai lokacin tashi suna fizgar wuta ninkin abin da suke ci bayan sun daidaita. Wannan fizga ba ta wuce daƙiƙa kaɗan ba, amma ta isa ta sa inbata ta kashe kanta alhali batir na da caji.

Fawa bank da lambar mAh

Irin wannan lissafi ne ke bayyana dalilin da ya sa fawa bank mai 10,000mAh ba ta cika waya mai 5,000mAh sau biyu. An auna lambar ne a bolt 3.7 na baturan da ke ciki, wanda ya ba da wat-awa 37. Kafin wutar ta fita ta kebul sai an ɗaga ta zuwa bolt 5, a nan lambar ta koma 7,400mAh. Idan aka cire asarar da ake yi wajen ɗagawar, abin da ke fita yakan tsaya tsakanin 6,000 da 6,500mAh. Wasu kamfanoni suna buga wannan lamba ta biyu da ƙananan haruffa a bayan na'urar.

Kamfanonin jiragen sama ma wat-awa suke dubawa. Iyakar da aka saba amincewa da ita ga fawa bank a jakar hannu ba tare da neman izini ba ita ce wat-awa 100, kimanin 27,000mAh. Wannan na taimakawa wajen gane ƙarya: na'urar da ba ta fi tafin hannu ba, mara nauyi, da aka rubuta mata 100,000mAh, lambarta ba gaskiya ba ce. Haka ƙananan batura masu siffar ɗan yatsa da ake kira 18650, waɗanda ke cikin tocila da fankar caji: mafi ingancinsu a duniya suna tsayawa ne a kimanin 3,500mAh, don haka wanda aka buga wa 9,900mAh na bogi ne.

Inda litiyam ya bambanta

Kamfanin Sony ne ya fara sayar da batirin litiyam a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai saboda aikinsu a kansa. Nau'in da aka fi sawa a gidaje shi ne mai tambarin LiFePO4, wanda ya fi sauran nau'o'in litiyam jure zafi da wuyar kamawa da wuta.

Ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na wannan batir a kullum. Batirin nan mai wat-awa 5,120, idan aka ci kashi 80 nasa, zai riƙe lodin wat 300 na misalinmu awa 11 zuwa 12. Masu ƙera shi suna rubuta masa dubban zagayen caji, yayin da na dalma ke tsakanin ɗaruruwa zuwa dubu da ɗoriya, gwargwadon nau'i da kulawa. Saboda haka kwatanta farashi da Ah yaudarar kai ce. Hanyar da ta dace ita ce a ninka kilowat-awar da za a iya ci a kullum da adadin zagayen da garanti ya tsaya a kai, sannan a raba kuɗin batirin da sakamakon.

Litiyam ma yana da tasa iyakar. A cikinsa akwai allon lantarki mai tsaron batirin, wanda ke yanke wuta idan ja ya wuce adadin amfiyar da aka ƙayyade masa. Dole wannan adadi ya dace da girman inbata.

Zafi, rashin cikar caji da tsufa

Ƙa'idar da injiniyoyi ke amfani da ita ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage rabin rayuwar batirin dalma, musamman rufaffen da ba a ƙara masa ruwa. A Sakkwato, Maiduguri, Kano da Yamai, zafi na haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Batirin da aka kulle a ɗakin ajiya mai rufin kwano, babu iska, ba zai yi shekarun da aka rubuta masa ba.

Matsala ta biyu ta samo asali ne daga wutar gwamnati kanta. Batirin dalma mai 200Ah yana son caji a hankali, kimanin amfiya 20, kuma kaso na ƙarshe na cikarsa shi ne ya fi cin lokaci, don haka yana buƙatar awoyi masu yawa a jere. A tsarin hukumar NERC, rukunin A na da alƙawarin aƙalla awa 20 na wuta a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Gidan da ke ƙananan rukunai, idan ba shi da faifan sola, batirinsa zai yi ta zama rabi-rabi. A wannan hali wani gishiri ke daskarewa a jikin farantan dalma, ya toshe su, kuma ƙarfin da aka rasa ta haka ba ya dawowa duka. Talakan da ya fi kowa rashin wuta, batirinsa ne ya fi saurin mutuwa.

A ma'aunin masana'antu, batirin da ya koma kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na asali ya kai ƙarshen aikinsa. Haɗa sabon batir da tsoho a layi ɗaya kuwa yana jawo sabon ya koma matsayin tsohon. Batirin mota ma bai dace da inbata ba, domin farantansa sirara ne, an yi su ne don su ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙoƙi su tayar da inji.

Abin dubawa kafin biyan kuɗi

Nauyi shaida ce mai wuyar ɓoyewa. Batirin dalma yana ajiye kimanin wat-awa 30 zuwa 40 a kowane kilo, don haka mai bolt 12 da 200Ah na gaske yana kaiwa kilo 55 zuwa 65 ko fiye. Wanda bai wuce kilo 40 ba, ya kamata a tambayi dalili. A duba ranar ƙira, domin batirin dalma yana zubar da caji yana lalacewa ko a ajiye yake. A auna shi da mita bayan ya huta: cikakke yana nuna kimanin bolt 12.7, mai rabi kimanin 12.2. Sai dai mita ba ta faɗin ƙarfin riƙo. Gwaji na haƙiƙa shi ne a cika batirin, a jona masa lodin da aka san adadin wat ɗinsa, a duba agogo.

A nemi rasit da garanti a rubuce, masu ɗauke da bolt, Ah, lambar C da lambar jikin batirin. Hukumar SON ce ke kula da ingancin kayayyaki, hukumar FCCPC kuma ke karɓar ƙorafin masu saye, kuma ƙorafi ba ya tsayawa sai da takarda. Tsohon batir kuwa ba abin fasawa a cikin gida ba ne. Dalma guba ce da ke lalata ƙwaƙwalwar yara, kamar yadda aka gani a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga aikin haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan ƙananan yara.

Idan kuɗin jama'a ne

Lissafin nan bai tsaya a gida ba. Fitilun titi masu sola, rijiyoyin burtsatse da wutar asibitocin karkara suna cikin ayyukan da suka fi yawa a kasafin kuɗi da ayyukan mazaɓu. A fitilar titi, batir ne ɓangaren da ya fi sauƙin yi wa coge, domin a rufe yake, kuma a ranar ƙaddamarwa fitila mai ƙaramin batir da mai babba haske ɗaya suke yi. Bambancin sai cikin dare yake bayyana, ko bayan damina ɗaya.

Fitila mai cin wat 60 da ake so ta kwana awa 12 tana buƙatar wat-awa 720 a kowane dare. Idan batirin dalma ne, sai ya kai aƙalla wat-awa 1,440, wato 120Ah a bolt 12. Idan litiyam ne, kimanin wat-awa 900. Wannan kuma ba a lissafa ranakun hadari da hazon hunturu ba, lokacin da faifan sola ba ya samun rana sosai. A asibiti, inda firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa suka dogara da batir, gibin da ke tsakanin takarda da aiki ya shafi rayuka.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun kwangila daga hukumomin gwamnati, ta kuma ba su kwana 7 su amsa. Wanda ya sami takardar, ga abin da zai nema a ciki: nau'in batirin, bolt ɗinsa da Ah tare da lambar C, jimillar wat ɗin lodin da zai ɗauka, awoyin da aka yi alƙawari, tsawon garanti, da wanda ke da alhakin sauya shi idan ya mutu. Takardar da ta ce 200Ah kawai, babu bolt, babu nau'i, babu awoyi, ta bar wa ɗan kwangila damar kawo duk abin da ya ga dama, kuma babu hujjar da za a kama shi da ita.